Barcin da Na Ba Direba

Mu uku ne a gidanmu, kuma kowaccenmu akwai abin da ta rasa. Mama ta rasa 'yarta ta fari, wato Yayata, wadda ciwo ya ɗauke ba tare da an taɓa sanin sunansa ba. Monita, 'yar Yayar tawa, ta rasa uwa tun tana ƙarama, sai ta dawo hannuna, gadonmu ɗaya, bargonmu ɗaya. Ni kuwa, a lissafin dangi, miji na rasa. Ina koyarwa a firamare, kuma duk taron da aka yi sai wata ta dafa kafaɗata ta ce, "Malama, har yanzu 'ya'yan mutane kike reno?"

Monita ba shi ne sunanta ba. Ni na laƙaba mata, don tun ba ta kai tsawon tebur ba take ba mutanen gida umarni. Ita ke cewa a rufe famfo, ita ke tuna wa Mama inda ta ajiye tabarau.

Akwai na huɗu, wanda ba ɗan gidan ba ne, amma muryarsa ta fi ta kowa yawa a ɗakina. Direba. Babbar mota yake ja ta kayan gwari, tumatir da tattasai da ganye, kayan da ba sa jure rana. Shi ya sa da dare yake tafiya, don ya isa kasuwa kafin gari ya waye. Shi abin da ya rasa, abokin hira ne a hanya.

'Yan'uwa masu karatu, yau ku yi haƙuri da ni. Na saba ba ku dariya a nan, amma wannan karon da ƙyar nake riƙe wayar, kuma ba ciwon yatsu kaɗai ya sa ba.

Ga wanda bai san farkonmu ba: wata rana ana jarrabawa ya tsaya a ƙofar makarantarmu yana danna hon, na fita da alli a hannu na wanke shi tas. Washegari sai ga shi da kwandon lemo ya zo ba da haƙuri, sanye da riga mai ruwan toka da aka goge har ta yi kaifi, hula a hannu. Yarana suka shanye lemon, shi kuma ya tafi da lambata.

Tun daga nan muka yi wata al'ada tamu ta mu biyu. Idan ya kama hanya, gari ya yi shiru, sai wayata ta yi ƙugi a ƙarƙashin matashi.

"Malama, kin yi barci?"

"Idona biyu."

"To taya ni. Hanya ce miƙaƙƙiya, ba gari ba fitila, idona kuma ya fara nauyi."

Sai in tashi zaune, in rage hasken fitila saboda Monita, in jawo littattafan yara ina makin ina karanta masa. "Saurari wannan. Akuyarmu tana da ƙafa huɗu, ɗaya a kowace kwana." Ya yi dariya har in ji yana dukan sitiyari. Idan na ji muryarsa tana sanyi sai in ce, "Bakwai sau takwas?"

"Haba Malama, ni tumatir nake ɗauka, ba lissafi ba."

"To za ka tsaya share aji bayan an tashi."

"In dai ajinki ne, har mopa zan kawo."

Wata rana ya faɗa mini abin da ya ɗaure ni. Ya ce kafin ya san ni ya taɓa yin gyangyaɗi, bai farka ba sai da tayar gaba ta daki bakin gada. "Amma tun da na same ki ban ƙara ba," in ji shi. "Ke ce birkina." Na ji daɗin maganar ƙwarai. Daga ranar, ko da idona yana yaji, ban ƙara barin wayarsa ta yanke ban ɗauka ba. Muna sallama idan ya hango fitilun kasuwa, ni kuma in ɗan kishingiɗa, kafin in gyara kwanciya ƙararrawar tashi ta buga.

Abin da bai sani ba shi ne ina da ciwo. Tun kafin in haɗu da shi aka gano. Likita ta ce sunansa lupus: garkuwar jiki, wadda aikinta kare mutum daga cuta, ita ce take juyowa tana yaƙar jikin. Ta ɗora ni a kan magani, ta ce in guji zafin rana, in guji gajiya, in riƙa samun barci isasshe. Na bi, ciwon ya kwanta lumui, har nakan manta da shi.

Ranar da na ce zan faɗa wa Direba, Mama tana ninke kaya a falo. Ta ajiye zanen da ke hannunta.

"Ki faɗa masa me?"

"Gaskiya, Mama."

"Wa ya ce ki yi ƙarya? Shiru na ce ki yi. Yayarki ta tafi, har yau ana raɗa a kanmu. Ki buɗe baki yanzu, gobe danginsa su ce ciwo ne a jininmu. Bari a ɗaura aure, in ya so ya ji a ɗakinsa."

"In kuma ya ce na ɓoye masa?"

"Lafiyarki ƙalau, me kika ɓoye? Ƙwaya ce kawai kike sha."

Ba zan ɗora wa Mama laifi duka ba. Tsoro ne ya yi mata magana, ni kuma na ji daɗin samun wanda zai ce in yi shiru.

A hankali abin ya dawo. Da farko yatsuna ne da safe, su ƙi lanƙwasuwa, sai Monita ta saka mini maɓallin hannun riga. A aji alli ya riƙa suɓucewa, yara su yi rige-rigen ɗauko mini. Sai gashi ya fara bin mataji. Sai wani ja ya fito a kumatuna ya haye karan hanci, na riƙa dannawa da hoda. Bakina ya yi gyambo, shayi ma sai ya huce. Duk da haka, idan wayar ta yi ƙugi, sai in ce, "Idona biyu."

Ana cikin haka yayyensa mata suka aiko cewa za su zo ganina. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta iso tun da hantsi da jakarta da ƙarar muryarta. An ɗinka mini doguwar riga shuɗiya mai ƙananan duwatsu a wuya, da mayafi fari, da takalmi mai igiya wanda na saya tun watan da ya wuce. Rigar ta zauna. Takalmin ya ƙi shiga.

"Ke tura mana!" in ji Gwaggo. "Ƙiba kika fara tun ba a kai ki ba?"

Na tura, igiyar ta nutse a naman ƙafata. Gwaggo ta danna idon sawuna da yatsa don wasa, sai wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa. Ta yi dariya ta ce tsayuwar aji ce. Mama ba ta yi dariya ba. Ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Monita tana tsugune a bakin ƙofa da kofin ruwa a hannu. Ƙafata kawai take kallo.

"Ke tashi ki ba mutane wuri," Gwaggo ta ce mata. Ta tashi, amma har ta fita tana waiwaye.

Baƙin sun zo, sun yaba natsuwata, sun tafi. Silifas ɗin Mama na saka, na rufe da bakin riga.

Ranar ganin likita, da aka tashi daga makaranta na wuce da Monita, don ba wanda zan bar wa ita. Ta zauna a kujerar gefe tana lilo da ƙafa. Likitar mace ce mai sanyin magana. Ta duba fuskata, ta matsa yatsuna, ta danna ƙafata, ta karanta sakamakon gwajin jini da na fitsari. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Kina shan maganinki?"

"Ban taɓa tsallakewa ba."

"Rana fa?"

"Da lema nake yawo."

"Barci?"

Monita ta ce, "Ba ta yi. Waya take yi."

Na harare ta. Likita ta cire tabarau ta ajiye.

"Malama, ciwon ya tashi, kuma ya fara taɓa ƙodarki. Shi ya sa ƙafar take kumbura. Mun kama shi da wuri, za mu ƙara magani, amma sai kin taimake ni. Ba zan ce miki rashin barci ne ya kawo ciwon ba, ba shi ba ne. Ba zan kuma ce barci kaɗai zai warkar da ke ba. Amma lokacin barci ne jiki yake saita garkuwarsa, ya rage kumburi, ya gyara abin da ya lalace. Mai lafiya ma idan ya daɗe ba ya barci sai mura ta riƙa kama shi. Ke kuma da garkuwarki take a rikice tun asali, hana ta hutu kamar ƙara mata wuta ne."

Monita ta ɗaga hannu, kamar a aji. "Mece ce garkuwa?"

Likita ta yi murmushi. "Masu gadi ne a cikin jiki. Na Antinki sun ruɗe, suna dukan 'yan gida suna zaton ɓarayi ne. Idan ba su yi barci ba sai ruɗewar ta ƙaru."

"In sun yi barci za su daina?"

"Za su rage. Da magani kuma."

Monita ta gyaɗa kai ta sauke hannunta.

A hanyar gida na riƙa juya abin a raina. In na kashe waya, wa zai riƙe masa ido? Ba abin da nake gani sai tayar nan a bakin gada. In na ci gaba, ga ƙodata. Hanya ta uku a fili take, in faɗa masa kawai, amma ita ce na fi tsoro. Ni da nake tsayawa gaban yara kullum ina cewa, "Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "An gama lodi. Yau hanyar da nisa, ki tanadi labarin akuya." Na rubuta, "Akwai maganar da nake so mu yi." Na goge. Na rubuta, "Ba ni da lafiya." Na goge. Daga ƙarshe na tura masa, "Allah ya tsare hanya." Na sha sabon magani, na ce bari in ɗan miƙe bayana kafin ya kira.

Hasken rana ne ya tashe ni, ya ratso labule har kan fuskata. Rabon da in farka rana ta riga ni har na manta. Jikina ya yi nauyi mai daɗi, kaina ya yi wasai. Sai na tuna. Na ɗaga matashi, babu waya. Na zazzage bargo, na leƙa ƙarƙashin gado, na juye jakata a ƙasa. A idona ga mota a kife, ga tumatir ya watsu a kwalta.

Monita tana tsakar gida da kayan makaranta, tana ɗaure igiyar takalmi.

"Ina wayata?"

Ta buɗe jakarta, ta zaro ta daga tsakanin littattafai. A kashe.

'Yan'uwa, shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa yi wa ɗan wani tsawa irin wadda na yi wa 'yar Yayata ba a safiyar nan. Na kama kafaɗunta na girgiza. "Kin san abin da kika yi? In ya mutu a hanya fa? Wa ya aike ki?" Ba ta yi kuka ba.

"Bai mutu ba," ta ce. "Na ɗauka."

Na sake ta.

"Ya ce Malama kin yi barci. Na ce ba Malama ba ce, Monita ce. Na ce Anti ba ta da lafiya, masu gadin jikinta sun ruɗe, likita ta ce saboda ba ta barci. Na ce ƙafarta ta kumbura. Na ce shi ma in yana jin barci ya tsaya ya yi."

"Sai ya ce me?"

"Sai ya ce tun yaushe. Na ce tun da daɗewa. Sai ya ce in kashe wayar kada ta tashe ki."

Na kunna wayar. Saƙo ɗaya ne: "Na tsaya a gidan mai na kwana. Lafiyata ƙalau. Zan zo da la'asar."

Ya zo. Motar ba ta shiga layinmu, a bakin titi ya bar ta ya tako. Ba rigar guga yau, kayan aiki ne a jikinsa, da tabon tumatir a gwiwar wando. Na fito da mayafi, ban shafa hoda ba. Karo na farko ke nan da ya ga fuskata yadda take. Ya kalli kumatuna, ya kalli silifas ɗin da ke ƙafata, sai ya kawar da kai.

"Kayan fa?" na tambaya, don ban san ta inda zan fara ba.

"Rana ta same su. Rabi ya tafi. Ba shi ya kawo ni ba." Ya murza hularsa a hannu. "Mene ne sunan ciwon?"

Na faɗa masa. Na faɗa masa duka, tun daga farko, har da ƙoda, har da cewa ba a rabuwa da shi sai dai a lallaɓa shi. Yana saurare bai katse ni ba.

"Kin san da shi ranar da na kawo lemo?"

"Na sani."

"Ranar da na ce ke ce birkina?"

"Na sani."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni ina can ina yi wa abokaina alfahari, wai na samu wadda ba ta gajiya da ni. Ashe cinye ki nake yi. Kullum in tambaye ki kin yi barci, ki ce idonki biyu."

"Tsoro na ji kada ka yi gyangyaɗi."

"Malama, kafin in san ki da me nake tafiya? Gidan mai yana nan, gefen hanya yana nan. Jiya na tsaya, na yi barci, ga ni a gabanki. Tumatir ne ya lalace, shi kuma gobe akwai wani." Ya numfasa. "Ciwon bai ba ni tsoro ba. Mahaifiyata ta yi jinya a hannuna, na san hanyar asibiti. Abin da ya tsaya mini shi ne, kin yanke mini hukunci ba ki tambaye ni ba. Kin ɗauka irin mutanen da ke gudu ne ni."

Gaskiya ya faɗa.

"Ba zan ƙara kiranki da dare ba," ya ce. "Wannan kam na gama. Sauran kuma, ki ba ni lokaci in yi tunani."

Ya juya, sai ya hango Monita tana leƙe ta bayan ƙofa. Ya tsaya, ya ɗaga mata hannu kamar yadda ake gaida babba, sannan ya tafi.

Mama ta ji komai ta taga. Na shiga na same ta zaune a bakin gado. Na zaci faɗa za ta yi. Ta ce, "Yarinyar nan ta ɓata mana komai," amma muryarta ba ƙarfi. Can sai ta ce, "Haka ƙafar Yayarki ta yi. Na ce mata tsayuwa ce." Ta rufe fuska da gefen mayafi. Tun rasuwar ban ga kukanta ba sai ranar.

Yanzu makonni sun wuce. Wayata tana kwana a falo, a kan firji, dokar Monita ce. Ina barci tun da wuri. Shugabar makaranta ta rage mini darussa zuwa ƙarshen zango, wata malama ce take riƙe mini yarana da rana, kuma ina jin kewarsu. Jan fuskata ya dusashe, takalmin nan mai igiya ya fara shiga. Likita ta ce gwajin ya fi na baya kyau, amma ƙodar sai an ci gaba da sa ido, ba ta yi mini alkawarin za ta koma kamar da ba. Wannan shi ne abin da na saya da shiruna.

Direba bai kira ba. Sau ɗaya ya turo saƙo, da tsakar rana: "Kin sha magani?" Na amsa, "Na sha." Na zauna ina kallon wayar har ta yi duhu. Jiya kuma babbar yayarsa ta aiko wa Mama cewa tana nan tafe ranar hutu, ita kaɗai, akwai magana. Gwaggo ta ce alheri ne. Mama ta ce a dai yi addu'a. Ni ban san wanne zan shirya wa ba, shuɗiyar rigar tana rataye, ban goge ta ba, ban kuma mayar da ita akwati ba.

Abu ɗaya na yi da ya kamata tun tuni. Da yamma ina yi wa Monita tsifa, kanta a kan cinyata, na ce, "Ki yafe mini tsawar da na yi miki."

"Na yafe."

"Amma me ya sa kika faɗa masa? Ba ki ji Mama ta ce a yi shiru ba?"

Ta ɗan yi wasa da bakin zanena. Sai ta miƙa hannu ta danna idon sawuna da yatsa, ta ɗaga, ta tsaya tana kallo har wurin ya dawo daidai.

Ba ta san mece ce ƙoda ba, ba ta san abin da aure yake nufi ga mace irina ba. Abin da ta gane shi ne, ƙafar mamanta ta kumbura, kowa ya yi shiru, sai mamanta ta tafi. Tawa ta kumbura, shi ya sa ita ba ta yi shiru ba.